Kafin a sake kiran wanzami, a zauna a kalli yadda yaron ke kama nono

Assalamu alaikum Tanti. Ni maijego ce, haihuwar fari, na zo wanka gidanmu a Garkawa cikin garin Tawa. Yau kwanan yaron 12. Tun kwana na biyu kan nonona ya fara zafi, yanzu duka biyun sun tsage, na dama har jini yake yi. Da na ji kukansa sai gabana ya faɗi, sai na cije bakin zane kafin in iya ba shi. Yana daɗewa a kan nonon, bakinsa na wani ƙas-ƙas, ya saki ya sake kamawa, barci ya kwashe shi, ina kwantar da shi ya farka da kuka. Ranar suna wanzami ya duba bakinsa ya ce yana da linzami a ƙarƙashin harshe, ya so ya yanke ya haɗa da hakin wuya, babansa da ke Abijan ya hana ta waya. Yanzu uwar mijina ta ce in ba a yanke ba yaron ba zai yi magana daidai ba. Innata ta ce kowace mace haka ta sha, in yi haƙuri. Wata gwaggona kuma ta ce nonon ya ɓaci tunda ya haɗu da jini, a saya masa madarar gwangwani. Na rasa ta wa zan bi.

Maijego, Tawa

Wa alaikumus salam ƴata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa.

Da na zo wurin cizon bakin zanen nan sai da na dakata, don ni ma na ciji nawa a goyon fari, alhali ina aikin ungozoma a asibiti, ina koya wa matan mutane abin da na kasa yi wa kaina. Saboda haka ba labari nake ji ba. Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne mutum biyar sun faɗi ra'ayinsu, har da wanzami, amma ba ki ambaci ko ɗaya da ya zauna kusa da ke ya kalli yaron tun daga buɗe bakinsa har ya saki nonon ba. Amsar tambayarki kuwa a nan take.

Maganar Inna da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Mata da yawa na jin tsami a kan nono a kwanakin farko, musamman lokacin da yaro ya kama, sai ya lafa da nono ya fara zuba. Irin wannan yakan yi sauƙi da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Naki ba shi ba ne. Fata ta tsage, jini na fita, kwana 12 kuma abin gaba yake yi. Wannan rauni ne, kuma akwai abin da ke fama shi sau 8 zuwa 12 a kowane yini da dare. In ba a kawar da abin ba, haƙuri sai dai ya ƙara wa raunin kwana.

Ki wanke hannu ki sa babban yatsanki a bakinki, ki shafa sama. Can gaba, bayan haƙora, za ki ji ganɗa da tauri kamar ƙashi. Ki ƙara turawa ciki, sai ki ji wurin ya yi laushi. Can kusa da laushin ne ya kamata kan nononki ya kai a bakin yaro. Jariri ba kan nono aka yi shi ya tsotsa ba, nonon yake cika baki da shi, harshensa ya miƙo ya rufe dasashin ƙasa, ya tallafo nonon yana tatsa. Idan kan kaɗai ya kama, sai ya riƙa niƙa shi tsakanin harshe da ganɗa mai tauri. Ke ki sha azaba, shi kuma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa yake daɗewa, ya gaji ya yi barci da yunwa, ya farka da kuka. Yau in ya saki, ki dubi kan nonon nan take. In ya fito a mulmule yadda ya shiga, madalla. In ya fito a matse, ya karkace kamar bakin sabon jan-baki, ko da farin layi a tsakiya, to ga shaida kin gani da idonki.

Na kuma san yadda ake zama a ɗakin maijego. An shimfiɗa tabarma, kin miƙe ƙafa, yaro na kwance rigingine a cinya an naɗe shi cikin zane kamar ƙunshin goro, ke kuma kin sunkuyo kin maƙale nonon tsakanin yatsu biyu kina kai masa kan a baki. Cikinsa na kallon rufin ɗaki, wuyansa a murɗe zuwa gare ki. Ki gwada juya fuskarki wajen kafaɗa ki sha fura da ludayi, ki ji yadda haɗiya take. Haka yake sha.

Ga yadda za ki sauya. Ki jingina da bango, a sa miki matashi a baya. Ki sassauta masa zanen, ki juyo shi gaba ɗaya cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su zama a layi ɗaya. Ki tallafe shi ta wuya da kafaɗa, kada ki danna ƙeyarsa, don yana bukatar ya ɗan ɗaga kai kamar mai shan ruwa a buta. Kan nonon ya kasance saitin hancinsa, ba saitin bakinsa ba. Ki shafa masa a leɓen sama, sannan ki jira. Jiran nan shi ne abin da ya fi wuya, don yaro na motsi, mutanen ɗaki na cewa ki ba shi mana. Ki jira har ya wage baki kamar mai hamma, sai ki jawo shi da sauri zuwa gare ki, haɓarsa ta fara taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya sauka nesa da kan. Shi ake kawowa wurin nono, ke ba kya sunkuyawa. In kina riƙe nonon, yatsunki su tsaya can baya da baƙin da ke kewaye da kan, kada su tare masa wuri.

In ya kama daidai za ki ga bakin a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta nutse a nono, kuma baƙin da ya rage a waje ya fi yawa ta saman bakinsa. Kumatunsa za su cika, ba za su lotsa ba. Zai fara da tsotso da sauri, sannan ya koma a hankali, ja mai zurfi, ki ji yana haɗiya. Tunda akwai rauni za ki ji zafi da farko, amma ki ƙirga a hankali zuwa 30. In bai ragu ba, ki sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa har tsakanin dasashi ya saki, ki sake daga farko. Kada ki fizge. Ko sau biyar ne ki sake, ba ɓata lokaci ba ne. Kuma kada ki jira kuka. Da kin ga yana motsa baki, yana kai hannu baki, yana juya kai, ki ɗauke shi, domin yaron da ya riga ya fusata damƙa yake yi. Ki fara da ɓangaren da ya fi sauƙi. In nonon ya cika ya yi tauri kamar gora, ki tatse kaɗan da hannu wurin baƙin ya yi laushi kafin ki ba shi, in ba haka ba bakinsa zamewa zai yi.

Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo mini, uwarta na riƙe da jaririn don ita ta ce ta gama, ba za ta ƙara ba. Na sa ta kishingiɗa, na kwantar mata da shi rub da ciki a ƙirjinta, muka bar shi ya laluba da kansa. Ta runtse ido, ta ɗaga kafaɗu har kunne tana jiran zafin. Can sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Ya kama ne?” Ya kama, har madara na taruwa a gefen bakinsa. Ba kowa ke samun sauƙi nan take haka ba, amma na ga irinsa ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ki gwada wannan kishingiɗar, ki gwada kwanciya a gefe, ki gwada riƙe shi ta ƙarƙashin hammata, don kowane riƙo wani wuri dabam yake dannawa.

Raunin kansa ba ya son hidima da yawa. Bayan ya sha, ki matso ɗigon nono ki shafa a wurin, ki bar shi ya sha iska. Masana da suka tattara binciken da aka yi kan magungunan shafawa a 2014 ba su ga wani mai da ya fi nonon uwar ko barin wurin haka nan ba. Kada ki sa sabulu a kan nonon, kuma ki roƙi mai yi miki wanka ta kauce wa wurin da ruwan zafi da ganye, fatar da ta tsage ba ta bukatar dafuwa. Ban da toka, ban da man goge haƙori, ban da wani ƙulli da za a ce a barbaɗa, don duk abin da kika sa a nan cikin yaron zai tafi. Rigar mama in ta jiƙe ki sauya, in tana matse ki ki ajiye ta. In ƙyalle ya manne da ciwon, ki jiƙa shi da ruwa kafin ki cire. Farasitamol da ibuprofen ba su hana shayarwa, ki karɓa a farmasi yadda ma'aikacin lafiya ya ce. Amma tiramol da kodin, ko wa ya miƙo miki, kada ki sha, suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni.

In na daman ya kai inda ba ki iya jurewa, ki hutar da shi yini ɗaya ko biyu, yaron ya sha na hagu, amma ki riƙa tatse na daman da hannu duk bayan awa 2 zuwa 3, kada ya sandare. Abin da kika tatsa ki ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta, yana zaune a hannunki, ki kai bakin kofin leɓensa ya lasa da kansa, ba ɗura ba. Da zafin Tawa kada ki ajiye shi ya jima. Bibiro kuwa, wato kwalbar shayar da jarirai, ki bar shi tukuna, wankinsa wuya gare shi, kuma yana iya ƙara rikita yaron da bai gama koyon kamu ba.

Gwaggo ki gaishe ta, ki ce nonon bai ɓaci ba. Jinin daga fata yake, ɗan abin da yaro ya haɗiye ba ya cutar da shi, ko da kin ga alamarsa a tumbuɗi. Sai dai in gwajin awon ciki ya nuna kina da sida, wato ƙanjamau, ko ciwon hanta, nan kam kada ki ba shi ɓangaren da ke jini, ki tatse ki zubar, ki je asibiti ranar a faɗa miki abin yi. Madarar gwangwani kuɗi take ci, da ruwanmu da ƙudajenmu kuma zawo take jawowa, nonon naki kuma ya ja baya tunda ba a sha. Ruwa ma ba ya bukata, ko a watan Afrilu da Mayu, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata 6. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kacal na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke samun haka, kuma sau da yawa daga irin wannan makon da kike ciki ake fara kaucewa.

To, linzami. Ki ɗaga harshenki gaban madubi, za ki ga wata ƴar fata kamar zare da ta haɗa shi da ƙasan baki. Kowa na da ita. Ganinta a bakin jariri ba ciwo ba ne. Ana cewa yaro na da linzami ne idan ta yi gajarta ko kauri, ko ta kamo har kusa da tsinin harshe, ta hana shi motsi. Wajen jarirai 4 zuwa 10 cikin 100 ake haifa da haka, ya fi yawa a maza, kuma da yawansu suna shan nono lafiya lau ba a taɓa su ba. In yana kuka ki leƙa: harshen na ɗagawa sama, ko yana kwance gefunansa kaɗai ke tashi? Yana miƙowa ya wuce dasashin ƙasa? Tsininsa na lotsawa ciki kamar an ja shi da zare?

Ba zan ce miki wanzamin bai ga komai ba, sun daɗe suna leƙa bakin jarirai. Ƙas-ƙas ɗin nan da saki-kama da kika faɗa suna cikin alamun linzami. Amma su ne dai alamun kamun da bai yi zurfi ba. Shi ya sa ake fara gyara kamu, a ba shi kwana biyu ko uku. In zafin ya sauka, yaro na ƙoshi, to ko da zaren a bar masa abinsa. In an gyara an gyara kan nonon na fitowa a matse, harshen kuma ba ya ɗagawa, nan ne yanka ke da dalili. Kada ki ɗauka mu kaɗai ke gaggawar yanka. A asibitocin Amurka yawan jariran da ake yi wa ya ninka kusan sau goma tsakanin 1997 da 2012, har ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fito a 2024 tana cewa an wuce gona da iri, a fara taimaka wa uwa da kamu. Binciken da aka tattara a 2017 ya nuna yankan na rage wa uwa zafin nono a ɗan lokacin da ya biyo baya, amma ba kowane yaro ne shansa ke gyaruwa ba.

In ya zama dole, aikin ƙarami ne. Likita zai ɗaga harshen, ya ɗan tsinke fatar da almakashin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ɗigon jini kaɗan, a miƙo miki shi ki sa a nono nan take. Ƙanƙantar aikin ce ke sa a ce ai wanzami ma zai iya. Ni dai ban yarda ba, kuma ba raini ba ne. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini da ƙofofin da yawu ke fitowa, kuskure kaɗan ya isa. Jinin da ke jikin jariri kamar naki gaba ɗaya bai fi cikin kofin shan ruwa ɗaya ba, abin da babba zai zubar bai ji ba shi yana iya kai shi ga halaka. Jinin jarirai kuma bai cika saurin daskarewa ba, dalilin da ya sa ake yi musu allurar bitamin K ke nan bayan haihuwa, sai ki tambaya ko naki ya samu. Ga tetanus da ciwon hanta da aska ke iya ɗaukowa. In jini ya ƙi tsayawa a zaure, me za a yi kafin a samo abin hawa?

Hakin wuya kuwa babu ruwansa da wannan magana. Ba ya hana shan nono, ba ya toshe maƙogwaro, halitta ce da kowa ke da ita. Babansa ya kyauta da ya hana, ya tsaya a kan bakansa. Batun magana kuma, linzami ba ya hana yaro fara magana, kuma babu hujjar da ta nuna yanka shi a jego na gyara lafazin da bai zo ba tukuna. In ya girma aka ga wasu haruffa na ba shi wuya, ana iya dubawa a lokacin.

Abin da ba zai jira kwana uku ba shi ne awo. Gobe da safe ki ɗauki katinsa na awo ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko asibitin haihuwar da kika haihu a ɗora shi a sikeli. Jarirai na raguwa a kwanakin farko, amma zuwa kwana 14 ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa. Daga yau ki riƙa ƙirga fitsari: aƙalla sau 6 a yini da dare, kashinsa kuma ruwan ɗorawa, ba baƙi ko kore ba. In awo ya nuna bai ƙaru ba, ko ungozoma ta ga harshen a ɗaure, ta tura ki Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ko babban asibitin jiha, nan cikin Tawa, likitan yara ya gani. Ba abin da za a fara da tafiya Yamai ba ne. Tun 2006 doka ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma ki ƙulla ƴan kuɗi a bakin zane ko za a rubuta abin da za ki saya.

Wasu abubuwan ko gobe ba su jira. In yaron ya ƙi kama nono sam, ya yi laƙwas ba ya tashi, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ko fitsari ya ɗauke, ku tafi ko tsakar dare ne. Ke ma in wani ɓangaren nonon ya kumbura ya yi zafi da tauri, ko ciwon ya fara ruwa, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka kama ki, ki je ranar. Zazzaɓin maijego na iya zama na nono, na iya zama na sauro, na iya zama daga mahaifa, gwaji ne ke rabewa. Kafin ki isa kada ki daina ba shi.

Saura mutanen gida. Kada ki yi musu da uwar mijinki, jikanta take tsoro wa, kuma maganar da za ta karɓa daga bakin ɗanta ba za ta karɓa daga naki ba. Ki sa shi ya kira ta da kansa ya ce bai ƙi ba, in likita ya duba ya ce a yanke za a yanke, amma a asibiti. Sannan ki roƙe ta ta raka ki gobe, ta riƙe yaron a hanya, ta ji da kunnenta. Inna kuma ki ba ta aiki: ta zauna ta gefenki in za ki ba shi, ta duba miki leɓen ƙasa da haɓa, don ke daga sama ba ki hango su. Na san akwai kunyar ɗan fari, ba kya son a ga kina rawar jiki a kansa gaban manya, amma Inna ce, ita ta wanke ki.

In kin shiga wurin ungozoma, layi na da tsawo, tana iya leƙa nonon ta rubuta miki mai ta ce mai bi. Kada ki tashi. Ki ce, “Don Allah ina so ki kalli yadda yake sha.” Ki daidaita tafiyar yadda zai isa da ƴar yunwa, ki ba shi a gabanta, ki nuna mata kan nonon da ya saki, ki ce ta sa yatsa ta duba ɗagawar harshen. Bayan kwana uku ki rubuto mini nauyin da sikeli ya nuna, da yadda kan nonon ke fitowa daga bakinsa.